Jarrabawa a Lokacin Huɗuba

Ƙarfe sha biyu na ranar Juma'a aka raba mana takardun tambayoyi, jarrabawa ce ta awa uku. Zauren da muke ciki yana dab da masallacin makaranta, ko gyaran murya liman ya yi a lasifika sai mun ji. Wajen ɗaya da rabi ya hau mumbari. Nan fa kawuna suka fara ɗagowa, kowa ya dubi agogon bango ya sake sunkuyawa. Wani da ke zaune a gabana ya ɗaga hannu, malamin da ke tsaronmu ya matso, ya ce masa ƙasa-ƙasa: "Malam, don Allah a taimaka mu je mu yi salla mu dawo." Malamin ya ɗan yi shiru, sannan ya ce: "Wallahi ni ma zuciyata tana can. Amma wanda ya fita ya fita ke nan, ba ni na tsara ba." Mutum uku suka miƙa takardunsu ba su gama ba, suka fice suna naɗe hannun riga. Mu da muka rage muka ci gaba da rubutu, muna ji aka tayar da iƙama, muna ji aka sallame.

A ajin namu akwai wata yarinya daga wajen Jengre a jihar Filato, 'yar cocin Adventist, masu ibada ranar Asabar. A zangon da ya biyo baya aka sa jarrabawar wani kwas na dole ranar Asabar da safe. Ba ta zo ba. Ba ta kai ƙara gun kowa ba, mu ma ba wanda ya tambayi dalili. Sai da sakamako ya fito muka ga an rubuta mata rashin halarta, ta sake ɗaukar kwas ɗin a shekara ta gaba. Zancen waccan Juma'a mun yi kwanaki muna yin sa a ɗakin kwana, nata kuwa ko sau ɗaya bai zo bakinmu ba. Har yau abin yana tsaya mini a rai, domin ciwo ɗaya ne ya same mu da ita, sai dai mu muna da yawa, ita kuwa ita kaɗai ce.

Duk sa'ad da irin wannan ta faru, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne da gangan aka yi. Musulmi ya ce ana yaƙar addininsa, Kirista ya ce ana neman mayar da makarantar gwamnati ta wani ɓangare. Ban ce babu masu mugun nufi ba. Akwai malamin da zai ga Juma'a ƙuru-ƙuru ya sa gwaji ƙarfe ɗaya don ya nuna shi ke da iko, akwai kuma wanda zai kira lacca ranar Lahadi da sassafe ko tunawa bai yi da masu zuwa coci ba. Amma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake haɗa jadawalin jarrabawa ya san yawancin karon daga ƙunci yake fitowa.

Jami'an jarrabawa na tsangayoyi ne za su zauna, gabansu jerin kwasa-kwasai, da jerin zauruka, da adadin kujerun kowane zaure. Manyan zaurukan da ke cin ɗaruruwan mutane ba su da yawa, kuma kowace tsangaya su take so. Ga kwasa-kwasan gama-gari da duk ɗan aji ɗaya sai ya yi su. Ga masu keri-oba, waɗanda dole a kauce wa haɗa musu kwas na bara da na bana a sa'a guda. Idan aka zuba wannan duka cikin mako biyu ko uku, sai a ga babu wani gurbi da ya rage face Juma'a da rana da kuma Asabar. Jarrabawar da ake yi a kwamfuta ta ƙara dagula lissafin. A ce kwamfutoci ɗari uku ne, ɗalibai dubu uku, to rukuni goma ke nan daga safe har dare. Wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, intanet ta tsaya, sai rukunin da aka sa wa ƙarfe goma ya shiga ƙarfe ɗaya, na ƙarfe huɗu ya yi magariba da isha a kan layi. Ba wanda ya rubuta hakan a takarda, amma ɗalibi ya rasa sallarsa.

Me ya sa makonnin suka yi kaɗan? Yajin aiki. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi kusan wata tara a 2020, ga kullen korona a kai. A 2022 ta tafi ranar 14 ga Fabrairu, ba ta dawo ba sai 14 ga Oktoba. Jami'ar da ta yi asarar wata takwas tana dawowa ne a guje, tana son ta cusa zango biyu a inda ɗaya da rabi zai shiga, kuma abin da ake fara yankewa shi ne ranakun sarari. Waɗancan ranakun ne a da suke ba mai tsara jadawali damar ya kauce wa Juma'a, ya bar Asabar, ya ba da tazara kafin salla.

Ƙarƙashin wannan akwai wani tsohon tushe. Makon da jami'o'inmu ke aiki da shi gadon Turawa ne, an gina shi a kan hutun Lahadi. Mu a nan, makarantar allo tun asali Alhamis da Juma'a take hutu. Wato Kiristan da ke ibada ranar Lahadi ya tarar mako ya riga ya yi masa gurbi, Musulmi kuwa babbar ranarsa ta faɗo a tsakiyar ranar aiki, ɗan Adventist kuma tasa ta faɗo a ranar da kowa ke ɗauka ta cike giɓi ce. Sannan ga kalanda biyu da ba sa tafiya tare. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana sha ɗaya, don haka azumi da salloli biyu suna zagaya shekara, sai bayan kimanin shekara 33 su dawo inda suka taso. A 2016 azumi ya kama a farkon Yuni, a 2025 ya kama ranar 1 ga Maris. Duk inda jami'a ta kafa lokacin jarrabawarta, wata rana azumi zai iske ta a can.

Sai dai wannan zagayen sananne ne, kuma a nan uzurin hukumomin makaranta yake raunana. An san ranar Ista shekaru kafin ta zo. Kirsimeti ba ta motsi. Babbar salla ranar 10 ga Zulhajji take, da zarar Mai alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da tsayuwar wata an san ranarta saura kwana tara ko goma. Ƙaramar salla ce kaɗai ba a tabbatarwa sai daren jajibiri, ita ma tsakanin kwana biyu take yawo, azumi ya yi 29 ko 30. A 2024 gwamnatin tarayya ta ba da hutun Talata da Laraba, 9 da 10 ga Afrilu, da ba a ga wata ba aka ƙara Alhamis. Mai tsara jadawalin da ya toshe duk ranakun da ake tsammani tun farko, ya ƙara kwana ɗaya gaba ɗaya baya saboda matafiya, wannan sauyi ba zai taɓa shi ba. Tun ran gini ake zane. Ɗalibin da gidansu ke Maiduguri yana karatu a Sakkwato ba zai yi idi da iyayensa ya wayi gari a zauren jarrabawa ba, kuma halin da hanyoyinmu ke ciki bai bar wa kowa tafiyar dare ba.

Yanzu bari mu juyo kanmu, don ba duk abin da muke kira ibada ne nauyinsa ɗaya ba, kuma idan muka cakuɗa su hujjarmu ce ke raunana. Sallar Juma'a farilla ce a kan namiji baligi mazaunin gari. Aya ta 9 a Suratul Jumu'a ta ce idan an yi kira a tafi zuwa ambaton Allah a bar ciniki, kuma ba salla ce da mutum zai yi shi kaɗai daga baya ba, idan ta wuce sai dai ya yi azahar. Asabar ga ɗan Adventist haka take, daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa faɗuwar rana ta Asabar ba ya aikin duniya, rubuta jarrabawa kuwa aiki ne. Waɗannan su ne inda mutum ba zai iya kasancewa wuri biyu ba, dole ɗaya ya ba ɗaya hanya.

Azahar da la'asar na sauran ranaku daban suke. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ya san kowace salla tana da lokacin zaɓi da na larura, kuma lokacin azahar yana da faɗi. Jarrabawar da ta fara ƙarfe biyu, mutum zai iya yin sallarsa kafin ya shiga. Magariba ce mai ƙurarren lokaci, ita ya kamata a yi wa tanadi idan jarrabawa za ta kai duhu. Tafsirin yamma, da tahajjudin goman ƙarshe, da taron addu'ar dare na coci, da atisayen mawaƙan majami'a, duk ayyukan lada ne a wajen masu su, amma ba a ɗage jarrabawar mutum dubu saboda su. Ɗalibin da ya zo da irin wannan uzuri yana ɓata wa mai uzurin gaske hanya.

Azumi kuma wani babi ne. Ba ya hana rubutu, wahala yake ƙarawa. Rangwamen da Suratul Baƙara ta ambata na marar lafiya ne da matafiyi, ba a lissafa mai jarrabawa ba, don haka ɗalibanmu da azuminsu suke shiga. A ra'ayina neman a dakatar da jarrabawa wata guda cur ya yi yawa, musamman ga jami'ar da yajin aiki ya riga ya cinye wa lokaci. An ga irin cece-kucen da ya tashi a 2025 lokacin da jihohin Kano, Katsina, Kebbi da Bauchi suka rufe makarantun firamare da sakandare a watan azumi, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta fito ta yi adawa. Abin da ya fi sauƙi, ya kuma fi amfani, shi ne a duba sa'a. Wanda ya taɓa zama a zaure mai rufin kwano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, fanka ba ta juyawa, bakinsa ya bushe tun hantsi, ya san ƙarfe tara na safe da ƙarfe uku na yamma ba ɗaya ba ne. A mayar da kwasa-kwasai masu nauyi safiya, kada a haɗa wa mutum biyu a rana, a tashi kafin shan ruwa. Ko marar azumi ya amfana da wannan. A Ingila ma, da azumin 2016 ya faɗo a kan jarrabawar kammala sakandare, hukumar haɗin gwiwar masu shirya jarrabawar ta ce ta yi la'akari da shi wajen tsara jadawali.

To me doka ta ce? Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da bayyana shi ta hanyar ibada da kiyaye dokokinsa. Sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa. Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita 'yancin da doka saboda zaman lafiya ko kare haƙƙin wasu. A watan Maris na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai shari'a James Omotosho, ta kori ƙarar wani ɗan cocin Adventist da ya nemi a hana yin zaɓe da jarrabawa ranar Asabar a duk ƙasa. Kotun ta ce 'yancin yana da iyaka, kuma ba za a ɗora wa sauran jama'a koyarwar tsiraru ba. A ganina mai ƙarar ya nemi abin da ya fi ƙarfin kotu ta bayar. Amma kuskure ne jami'a ta karanta hukuncin a matsayin izinin ta kau da kai. Hana kowa jarrabawa ranar Asabar abu ne daban, nema wa mutum biyar mafita ranar Asabar kuma abu ne daban.

Akwai wata tsohuwar shari'a a Turai da ta fi kusa da gano bakin zaren, ko da yake a kan jarrabawar ɗaukar aiki aka yi ta. Wata Bayahudiya, Vivien Prais, ta nemi aiki a majalisar ƙungiyar ƙasashen Turai, aka sa jarrabawar ranar 16 ga Mayu 1975, ranar wani idinsu da ba sa rubutu ko tafiya. Ta nemi a sauya mata rana aka ƙi, ta kai ƙara. A 1976 kotun Turai ta kori ƙarar, domin ba ta sanar ba sai bayan an tsayar da rana an gayyaci sauran. Amma kotun ta ƙara da cewa idan an sanar da hukuma a kan lokaci, ya kamata ta yi ƙoƙarin kauce wa irin wannan rana. Nauyin ya rabu biyu ke nan: ɗalibi ya faɗa da wuri, hukuma ta saurara. A jihar New York ta Amurka abin har ya shiga dokar ilimi, sashe na 224-a, wanda ya wajabta wa manyan makarantu ba ɗalibin da addini ya hana shi zuwa damar ramawa ba tare da an caje shi kuɗi ba. Jarrabawar SAT ta shiga jami'a, wadda ake yi ranar Asabar, tana da zaman Lahadi ga wanda ya kawo takarda daga shugaban addininsa.

Malaman jami'a suna da fargabar da ba za a raina ba. Idan aka ce wani zai rubuta daga baya, tambayoyi sun riga sun fita, abokansa za su gaya masa. Idan aka ce a tsara masa wasu, an ƙara wa malamin da ke da takardu ɗaruruwa a gabansa aiki, kuma da wuya tambayoyi biyu su zo daidai a nauyi, sai wani ya ce an sauƙaƙa wa wani. Sannan kowa ya san halin wasu ɗalibai, ranar da aka buɗe ƙofa, wanda bai yi karatu ba shi zai fara zama mai tsoron Allah.

Maganin wannan an daɗe da samo shi, kuma ba shi da tsada: killacewa. A wasu jami'o'in Ingila, ɗalibi Bayahude da jarrabawarsa ta faɗo ranar Asabar akan sa shi ƙarƙashin kulawar wani amintacce, ba waya ba cuɗanya da 'yan ajinsa, har lokacin ya fita ya rubuta tambayoyin da kowa ya rubuta. A wajenmu abin ya ma fi sauƙi. Su a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, mu kuwa duk shekara wajen shida zuwa bakwai take faɗuwa. Waccan 'yar ajin tamu da an ajiye ta a wani ofis tun safe, an karɓi wayarta, an bar ta da Littafi Mai Tsarki, da magariba ta rubuta, da ba ta ɗauki kwas ɗin sau biyu ba. Abin da za a kashe shi ne alawus ɗin malami ɗaya da fitila mai caji. Wannan dabarar kuma ita ce tacewar masu ƙarya, don ba wanda zai yarda a tsare shi wuni guda ba waya saboda uzurin bogi.

Juma'a kuwa ba ta ma buƙatar haka. A bar tsakanin sha biyu da rabi da biyu da rabi babu komai, shi ke nan. Amma a nan masallacin makaranta shi ma yana da aiki. A garuruwanmu wani masallaci kan yi Juma'a tun kafin ƙarfe ɗaya, wani sai biyu ta gota. Mai tsara jadawali ba zai iya toshe rana duka ba. Kwamitin masallaci ya tsayar da lokaci ɗaya sananne, ya sanar da hukuma a rubuce, liman kuma ya taƙaita huɗuba a makonnin jarrabawa, taƙaitawar ma ita ce sunna. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ta mayar da Juma'a rabin ranar aiki a Janairun 2022, abin da ta yi ke nan, ta tsayar da lokacin salla guda ga masallatan da tsarin ya shafa. Ƙungiyoyin ɗalibai irin su MSSN ta Musulmi da FCS ta Kirista su ma su riƙa duba jadawalin gwaji da ake mannawa a allon sanarwa tun a makon farko, su kai gyara a rubuce, maimakon a jira sai abin ya faru a cika Facebook da zage-zage.

Abin da ya fi damuna shi ne duk wannan a yawancin wurare a hannun mutum yake, ba a rubuce ba. Idan shugaban sashe mai tausayi ne, ka tsira. Idan ya sauka wani ya hau, ka koma roƙo: "Ranka ya daɗe, a taimaka." Kuma alfarma tana bin mai rinjaye. A jami'ar da ke Kano ko Sakkwato da wuya a sa jarrabawa lokacin huɗuba a kwana lafiya, domin shugaban jami'ar kansa yana sahun gaba. Ɗalibin da za a manta da shi a can shi ne Kiristan da aka sa wa gwaji ranar Lahadi, ko ɗan Asabar. A Nsukka ko Kalaba kuwa, 'ya'yanmu ne tsirarun, su ne za su ji ana cewa ba za a tsayar da makaranta saboda mutum goma ba. Uban da ɗansa ke karatu a can ya kamata ya fi kowa son a kafa ƙa'ida a nan, wadda za ta kare ɗan wani, domin da ita zai kafa hujja gobe.

Ƙa'idar ba ta wuce shafi ɗaya a littafin dokokin ɗalibai ba, majalisar jami'a ce za ta amince da ita. A takardar rajistar farkon zango a sa gurbin da ɗalibi zai rubuta ranar da addininsa ya hana shi zama jarrabawa, da wa'adin da in ya wuce ba a karɓar uzuri. Jerin sunayen ya isa teburin jami'in jarrabawa kafin ya fara raba zauruka. A rubuta cewa babu jarrabawa ko gwaji a sa'o'in Juma'a, da safiyar Lahadi, da ranakun idi da ake tsammani. A rubuta wanda zai tsare ɗalibin da aka killace, mace ga mace, da inda kuɗin zai fito. A rubuta cewa idan jarrabawar kwamfuta ta makara har ta shiga lokacin salla, shugaban cibiya yana da ikon dakatar da rukuni na gaba na minti ashirin. Da akwai irin wannan shafi a wancan lokaci, da malamin da ya tsare mu ran Juma'a shi ma yana cikin sahu.